Tafasar da Na Liƙa a Juye

Ranar Talatar da ta wuce na leƙa tsohon wurin aikina a Samaru, ɗakin da ake ajiye busassun tsirrai, na tarar ɗalibai uku sun kewaye wani ganye a kan tebur. Ɗaya ta ɗora masa waya ta ɗauki hoto, kafin ka ce kwabo suna ya fito.

"Mama Ladi, yanzu fa abin ya zo da sauƙi," in ji ta. "Ku dai da kuka sha wahala, sannunku."

Na karɓi ganyen na ɓoye a bayana, na ce ta kwatanta mini shi yadda wanda yake Kano zai gane shi ba tare da ya gani ba. Ta ce kore ne, kuma yana da ɗan tsawo. Na ce madalla, kin kwatanta rabin dajin ƙasar nan. Suka yi dariya, ni ma na yi, amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Sana'ata zane ce, zanen tsirrai da ƙwari da kifi, irin wanda ake sawa a littafin kimiyya don wanda bai taɓa ganin abu ba ya shaida shi ran da suka gamu. Kayan aikina ba su cika jakar hannu ba: fensir mai tauri, alƙalamin ƙarfe mai tsini da baƙar tawada, rula, matsefata, kwalbar gam, da gilashin ƙara girma da nake ratayawa a wuya. Babban kaya ɗaya ne, matsi. Katako biyu ne da tsofaffin jaridu a tsakani. A shimfiɗa tsiro a ciki, a ɗaure da igiya tamau, a riƙa sauya jarida kullum har ya bushe. Sannan a liƙa shi a farar takarda mai kauri, a rubuta inda aka tsinko shi, a sa a kabad.

Wanda ya koya mini shi ne Baba Ayuba, mutumin kudancin Kaduna, dogo siriri mai wandon kakin da guga ta cinye. Shi ke riƙe da ɗakin tun ban shiga firamare ba. Ran da aka ɗauke ni aikin wucin gadi na zo ina hura hanci, wai ni ce gwanar zane a makarantarmu. Bai ko dubi takarduna ba. Ya ciro dafaffen ƙwan zabo daga aljihu, ya ɓare, ya karyo tsinken tsintsiya ya soka a gefen da ya fi faɗi.

"Ki ɗauka wannan ganye ne. Tsinken nan shi ke riƙe shi a reshe. Ina faɗin yake?"

"A gindi, Baba."

"To, sunansa mai siffar ƙwai." Ya zare tsinken ya soka a wajen tsinin. "Yanzu fa?"

"Ai ƙwan ne dai, Baba."

"Ƙwan ne, amma ba ganyen ba ne. Wannan ƙwai a juye ne. A littafi haruffa biyu kacal suka raba sunayensu, amma in kika ba wannan sunan wancan, kin tura bawan Allah wajen wata bishiya."

Ya jefa ƙwan a baki. Darasin ranar ke nan.

Kalmomin da masana ke kwatanta siffa da su na Latin ne, kuma suna tafiya ne bibbiyu kamar tagwaye, sai ka rantse abu ɗaya suke nufi. Baba ya ɗinka wa kowacce rigar Hausa don su zauna mini. Akwai mai siffar zuciya, akwai mai siffar ƙoda. Duka biyu suna da lotsawa a gindi, amma zuciya tana ƙarewa da tsini, ƙoda kuwa faɗinta ya fi tsawonta, ba ta da tsini ko kaɗan. Akwai lauje, akwai jinjirin wata: duka a lanƙwashe, sai dai lauje gefe ɗaya yake sirancewa, wata kuwa tsini biyu gare shi. Gefen ganye ma haka. Wani haƙoransa sun kwanta gaba kamar na zarto, wani sun miƙe waje sak, wani kuma ba haƙora ba ne sam, 'yan tuddai ne masu laushi. Na yi wata uku ina rantsuwa cewa wanda ya ƙirƙiro waɗannan kalmomi ba shi da aikin yi.

Wasu kifaye biyu suka raba ni da wannan raini. Wani malami ya kawo su a bokiti daga madatsar ruwa, ya ce in zana masa kafin su yi wari. Na yi musu wutsiya iri ɗaya, na kai wa Baba ina jiran yabo. Ya sa na shimfiɗa wutsiyoyin a kan katako, na buɗe su da allura. Ta ɗaya ta rabu biyu har ciki kamar gwafa. Ta ɗayan ɗan lotsawa kawai ta yi a tsakiya, kamar an gatsa kaɗan an fasa. Kowacce da kalmarta. Ya ce kifin farko ɗan gudu ne a buɗaɗɗen ruwa, na biyun ba ya gaggawa. Ashe a wutsiya aka rubuta wa kowa yadda zai yi rayuwarsa.

Tun daga ranar idona ya buɗe, kuma ban ɓoye ba, tsoron Allah ya kama ni. Ƙodar da nake gani wajen mahauta, ita ce a ƙwayar wake, ita ce a wani ganyen da ke rarrafe a fadama. Ɗan ƙahon da ƙwaro ke shinshina da shi, na wani yana kauri a hankali kamar kulki, na wani siriri ne sai kwatsam ya yi kai kamar ashana, kuma irin wannan bambancin na sake tarar da shi a gashin jikin ganye da na sa gilashi. Siffofin ba su da yawa, amma ban taɓa ganin inda aka maimaita ɗaya ba tare da an ɗan taɓa ta ba. Nakan zauna da fiffiken fara ɗaya tun safe har a tashi aiki, in fito ina jin kamar daga sujada na fito.

A shekarata ta uku na gane Baba ba ya gani. Da ma ya daɗe yana cewa in karanta masa takardu, wai yana so ya ji ko bakina ya iya sunayen. Kabad ɗin nan ya san su da taku, tsirrai kuwa da yatsa da hanci. Wata rana na miƙa masa zane, ya kai shi kusa da fuska, ya gyaɗa kai ya ce ya yi kyau. Bayan takardar yake kallo, fari fat. Na karɓa ban ce komai ba, shi ma ya ji shirun nawa ya gane. Daga baya matarsa ta gaya mini a bakin coci cewa likita ya ce ba ciwon da ake yi wa aiki ba ne, jijiyar ce ke mutuwa.

Dalilin ɓoyewar littafi ne. Shekara ashirin Baba yana tara ciyayin gonakin ƙasar Zazzau, don a buga ɗan littafin da malaman gona za su riƙa sawa a aljihu, su bambanta wanda ake ci da wanda ke cutar da dabba. Bayanin kowace ciyawa ya rubuta shi da hannunsa tun idonsa na da kyau, yana wajen mai buga tafireta. Zane kawai ya rage, shi ne aikina. Ƙa'ida ita ce kowane zane sai Baba ya duba ya sa hannu a bayansa kafin a kai maɗaba'a. In Dakta, shugaban sashenmu, ya san halin da ake ciki, dole a sallami Baba saboda rashin lafiya, littafin kuma a miƙa wa wani ya ƙarasa. Sai muka samo dabara ba tare da mun taɓa zama mun shirya ta ba. In na gama zane sai in riƙa kwatanta shi da baki kamar mai bita, shi kuma yana jefo tambaya. Tsini ko dunƙule? Zarto ko tuddai? In ya gamsu ya sa hannu.

Sai muguwar shekara ta zo. Rufin ɗakin ya yi yoyo a damina, kabad uku suka jiƙe, maganin ƙwarin da muke sawa kuma ya ƙare ba a kawo wani ba. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari suka shiga suka yi biki. Takardar da ka buɗe sai gari ya zubo. Mun yi asarar tsirran da Baba ya hau keke har bayan garin Giwa ya tsinko, shi kuwa sai dai ya shafa takardar ya ce in rubuta sunan a jerin waɗanda za a sake nema.

Cikin watan Maris na zo kan tafasa. Na buɗe takardarta na tarar ƙananan ganyayyakinta shida duk sun zube daga jikin karan, suna kwance a lungun takarda. Ƙwari sun cinye 'yan tsinkayen da ke riƙe su, sun kuma ɗan gaigaye bakunansu, ba ka gane ina ne gindi ina ne kai. Rani ne tsagwaronsa, babu ɗanyar tafasa ko ta magani. Ga Dakta ya ce ƙarshen wata za a kwashi zane.

A nan ne zan faɗi abin kunya. Ni a Sabon Gari na tashi, gidan haya, babana ma'aikacin jirgin ƙasa. Na ci kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli ya fi a ƙirga, amma a kwano na san ta, a dafe, a cuɗe. Ban taɓa durƙusawa na dube ta a tsaye ba. Da na tambayi Baba da magana ta ƙare a minti ɗaya. To amma 'yar Zariya, mai shekara uku a ɗakin tsirrai, ta buɗe baki ta tambayi yadda tafasa take? Girman kai ya hana. Kusan duk ganyen da na zana a watan faɗinsa a gindi yake, sai na ce ai ita ma haka ne. Na ɗauki matsefata da gam na liƙa su ɗaya bayan ɗaya, faɗi a ciki, siriri a waje. Sannan na zana abin da na liƙa. Wallahi zanen ya yi kyau, har jijiyoyin ganye na fitar.

Ran sa hannu Dakta da kansa ya shigo, ya ja kujera ya zauna yana jira. Ba damar bita, ba damar tambaya. Ina miƙa wa Baba takarda, yana ɗaga ta yana gyaɗa kai kamar mai dubawa, ina ɗora masa yatsa a gefen da zai sa hannu wai ina danne takardar. Haka tafasa ta wuce cikin 'yan'uwanta.

Maɗaba'ar tana wajen unguwar PZ, ta wani Oga Sunday, Inyamuri haifaffen Sabon Gari wanda Hausarsa ta fi tawa daɗi. A lokacin ba kamar yanzu ba ne. Kowane zane sai an mai da shi ɗan faifan ƙarfe, layukan su taso kamar na hatimi, a kafa a katako, a shafa tawada a danna. Bayan ruwa ya sauka Oga Sunday ya aiko cewa faya-fayan sun iso, mu zo mu gani kafin ya ɗora a inji. Muka hau bas daga Samaru ni da Baba.

Oga Sunday ya jera su a kan dogon tebur. Baba ya ɗauki na farko, sai na ga fuskarsa ta canza. Shekara nawa rabonsa da ganin zanena, yau ga shi ya taso ƙarƙashin yatsa. Ya bi layin da babban yatsansa a hankali ya ce, "Ƙaya ce wannan, ƙashin yawo." Ya ɗauki na biyu ya faɗi sunansa. Na uku haka. Masu aikin inji suka bar abin da suke yi suka zo suka tsaya, su a tunaninsu wasa yake yi da ido a lumshe. Ban taɓa ganin mutum ya san abu irin wannan sani ba, kafin nan ko bayan nan.

Sai ya zo kan wani ya tsaya. Ya bi karan, ya ƙirga ganye, ya sake komawa.

"Ladi, wannan fa?"

"Tafasa ce, Baba."

"Ganye shida ne, haka ne. Amma faɗin yana gindi." Ya sake shafawa. "Tafasa ƙwai a juye ce. Wannan in malamin gona ya gani, rai ɗore zai nuna wa mutane ya ce ita ce."

Rai ɗore 'yar'uwar tafasa ce, furensu rawaya iri ɗaya, sau da yawa a juji ɗaya suke fitowa. Ganyenta ne mai faɗi a gindi da tsini a kai, kuma 'ya'yanta suna cutar da dabba in ta ci da yawa. Na fara cewa ai yadda na gani a takarda na zana. Ya ce in fita bayan shagon nan in duba bakin kwata, ruwa ya sauka, ba za a rasa ba.

Tana nan kuwa, taku biyar daga ƙofa, ta fito kore shar. Na durƙusa. Kowane ganye ya fita daga kara siriri, yana buɗewa yana buɗewa har ya ƙare da faɗi, dunƙule, ba tsini. Abin da nake takawa tun ina yarinya ke nan. Na tsinko na kawo masa, na kuma gaya masa maganar gam daga farko har ƙarshe.

Oga Sunday ya ja mu gefe. Ya ce sake faifai sai da takarda daga Dakta, don daga Kaduna ake yo su. "Amma Baba, ka bar shi mana. Ganye ne fa. Wa zai tsaya auna gindi da kai? Bayanin da ke ƙasa ai daidai ne."

"Mutum hoto yake gaskatawa, ba rubutu ba," in ji Baba.

A cikin bas na yi ta lissafi. In aka nemi takarda, Dakta zai juya zanen ya ga sa hannun Baba, kuma shi ya san Baba ba zai taɓa kallon tafasa a juye ya wuce ba. Da muka sauka na ce na samo mafita. Zan ce bayan ya sa hannu ne tawada ta zube, na sake zanen ban nuna masa ba.

"Ke da ba a tabbatar da ke a aiki ba? Ranar za su kore ki."

"Ni na yi laifin, Baba."

"Ke kin liƙa abin da ba ki sani ba. Ni na sa hannu a abin da ban gani ba. Wanne ya fi?" Da muka kusa ƙofar sashenmu ya ƙara da cewa, "Yau tafasa ce, Allah ya sa yatsana ya kama. In da a takarda ta tsaya fa? Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, 'yata."

Na roƙe shi ya bari ko zuwa gobe. Bai saurare ni ba. Ya bi bango da takunsa na kullum har ofishin Dakta, ɗanyar tafasar tana hannunsa, ya ƙwanƙwasa ya shiga. Na tsaya a baranda ina jin kamar in nutse. Na ji tausayinsa, na ji haushin kaina, kuma har yau in na tuna sai na ji su duka biyu.

Bai daɗe ba ya fito. Ya ce Dakta mutumin kirki ne, har ya tashi ya ba shi kujera. An ba da takardar sake faifai. Ni zan sake zanen, daga ɗanye. Shi kuma ƙarshen wata zai ajiye makulli.

"Littafin fa, Baba? Sunanka zai fito?"

"Ban tambaya ba."

Littafin ya fito bayan damina biyu, tafasa a daidai, sunan wani a bango. Na Baba yana cikin shafin godiya, layi na huɗu. Amma wannan daga baya ne. A ranar dai lokacin tashi ya yi, ma'aikata sun cika baranda, masinja da masu shara da malamai kowa na haramar gida. Baba ya tsaya a tsakiyarsu, ya cire tabaraun da ya daɗe ba ya yi masa komai ya sa a aljihu, ya miƙo hannu sama-sama wajen da yake jin numfashina.

"Kama ni, Ladi, ki kai ni bakin titi. Na gaji da ƙirga taku."

Na kama. Mutane suka dare, muka wuce a hankali.